Gyaɗa Mai 'Ya'ya Biyu a Kan Kantar Kemis

Ku yaran yanzu da kuke buɗe kemis kamar ana kafa teburin mai shayi, ku matso in ba ku labari, tunda kun ce sana'ar ba ta da wuya. Ɗayanku ya tsaya a ƙofar shagona nan Damba, cikin Gusau, makon jiya, waya a hannu, ya ce mini, "Baba, ai magani duk yana cikin nan. Ka rubuta ciwon, ta faɗa maka ƙwayar." Na ce madalla, to tambaye ta ko matar Isuhu na Karakkai tana da ciki. Ya ce wane ne Isuhu? Na ce ka gani.

Sunana Garba, amma shekara arba'in ke nan ana kirana Likita, kuma ban taɓa hana kowa ba. Karatuna ya tsaya a aji biyu na sakandare, inda ni da lissafi muka rabu ba tare da mun yafi juna ba. Turancina ya isa in karanta kwalin magani, bai isa in yi gardama da kwalin ba. Wannan ma ni'ima ce, domin na ga masu gardama da kwali, na ga inda suka kai mutane.

A Tsafe na koyi aikin, wurin Malam Na'Allah, tsohon disfensa da ya bar aikin gwamnati ya buɗe ɗan shago kusa da tasha. Shekarar farko ban taɓa miƙa wa kowa ƙwaya ba. Aikina share ƙura, karanta ranar lalacewar kowane kwali da ƙarfi yana ji, da naɗa 'yan ambulan daga tsofaffin takardun jarrabawa. A bayan kowace ambulan mukan zana da biro: rana tana fitowa, rana a tsaka, rana ta faɗi, don wanda bai iya karatu ba ya san lokacin sha. Ranar da nake zanawa takan fito kamar gizo-gizo. Malam ya ce in na ci gaba haka, mutanen Tsafe za su riƙa jiran ganin gizo kafin su sha magani. Kayan aikinmu ba su da yawa: cokalin ƙirga ƙwaya, almakashi, wani littafin magunguna da bangonsa ya daɗe da rasuwa, da ɗan faranti mai fenti wanda bakinsa ya ɓantale. A farantin nan kullum akwai gyaɗa da ɓawonta. Ni na ɗauka ta baƙi ce. Ranar da na ci rabinta na sha ranƙwashin da har yau in ana sanyi nakan tuna wurin.

Wani manomi ne ya fara nuna mini amfaninta. Ya shigo ya yi sallama, ya tambayi lafiyar Malam da ta iyali da ta kasuwa, sannan ya dubi ƙasa ya ce a ba shi maganin ciwon baya.

Malam ya ce, "Naka na?"

Ya ce, "Na gida na."

Malam ya gyaɗa kai. Ya tura masa farantin da yatsa, ya ce, "Bisimilla." Mutumin ya duba, ya zaɓi gyaɗa ɗaya ya jefa a aljihu. Sai na ga Malam ya mayar da haɗin ciwon jikin da ya riga ya ɗauko, ya ƙirga farasitamol kaɗan, ya ce kada a wuce yadda aka zana, kuma a kai ta awo asibiti cikin makon nan. Bayan ya fita Malam ya ce in duba farantin da kyau. Ashe gyaɗar iri biyu ce, shi da kansa yake zaɓenta: mai ɗa ɗaya a ɓawo, da mai 'ya'ya biyu. In maigida ya ɗauki mai ɗa ɗaya, matar ita kaɗai ce. In ya ɗauki mai biyu, an gama magana.

Ku da kuke sanar da duniya cikin matanku a waya tun bai kai wata ba, ba za ku gane ba. Mutumin ƙauyenmu zai faɗa maka bashin da ke kansa da basir ɗin da ke damunsa, amma ya buɗe baki ya ce wa wani namiji matarsa tana da juna biyu, musamman na fari, gara ka ce ya ɗauki jaki a ka. Matar kuma ba ita ke zuwa shago ba. Kai kuwa mai kemis dole ka sani, domin ƙwayar da za ta warkar da mutum ɗaya tana iya cutar da na biyun da ba ka gani. Malam ya rasa yadda zai yi tambaya ba tare da ya kori mutane ba, shi ne ya bar gyaɗa ta riƙa tambaya. Cikin 'yan shekaru duk ƙauyukan da ke cin kasuwar Tsafe sun san yaren farantin, ba wanda ya koya wa wani a fili.

A jikin kantarsa ya ja jan layi da fenti. Duk abin da ke saman layin ba ya bin gyaɗa mai biyu gida. Asfirin yana can, sai fa in likita ne ya rubuta ɗan ƙarami da hannunsa don wani dalili nasa. 'Yan uwansa masu kashe ciwon jiki da suka yi yawa daga baya, irin su ibufurofen, duk can na riƙa sa su, domin in ciki ya tsufa suna iya taɓa ƙodar jariri, su rage ruwan da yake kwance a ciki, su kuma sa jini ya yi wuyar tsayawa wurin haihuwa. Haɗin da ake ƙullawa a leda, ƙwaya biyar kala biyar ba mai suna, shi ma yana can. Can ƙololuwa kuma akwai kafso ɗin nan ja-da-yalo, wanda kwali ke kira tetarasaikilin, mutanenmu kuwa suke sha don gudawa, don ƙurji, don ciwon ido, wasu har kaji suke ba. Zazzaɓi kuwa, in na mai biyu ne, Malam ba ya ko tsayawa ciniki: a tafi a gwada jini. Haka mai farfaɗiya ko hawan jini da ta samu ciki, yakan aika a ce kada ta yar da maganinta don tsoro, kada kuma ta ci gaba a kan ra'ayinta, ta kai wa likita ya duba.

Doka ɗaya ya maimaita mini har na gaji da ji: "Garba, kada ka tura faranti gaban mutum na uku. Kunya ba ta ƙarya sai in ana kallonta."

Da ya sallame ni na buɗe nawa a Bungudu, ya ba ni cokali da almakashi, ya kuma ba ni farantin kansa, ya ce shi ya sayi sabo. Na sani ƙarya yake, don ya fi son tsohon. Shekarun Bungudu su ne shekaruna. Ranar kasuwa tun hantsi mutanen Karakkai da Furfuri sun cika bencin ƙofata, ana gardamar farashin taki, wata tana sauke ƙwaryar fura a inuwar shagon, ni kuma na san gidan kowa har da sunan sa na noma. Wani Alhaji Mamman ya taɓa zuwa a fusace da ƙwayar ƙarin jini da aka ba matarsa wurin awo, ya buga ta a kan kanta.

"Likita, wanga abu guba na! Bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin awa gawayi, kuma kwana biyu ba ta samu fita ba!"

Na ce, "Alhaji, kai ka je ka duba?"

Benci ya fashe da dariya. Da ya huce na gaya masa haka ƙarfen cikin ƙwayar yake yi, ba cuta ba ce, ta sha bayan ta ci abinci in tana tayar mata da zuciya, ta yawaita ruwa da ganye. Ya ce tsofaffin gidansu sun ce tana sa ɗa ya yi ƙaton kai ya ƙi fita. Na ce in haka ne, shi mahaifiyarsa buhu nawa ta sha? Ya zage ni, ya ɗauki ƙwayarsa ya koma da ita gida. Ranar suna ya aiko mini da cinya.

Sai shekarar amai da gudawa ta zo. Ba na son lissafa waɗanda muka rasa. Ku dai sani damina ce, shago ya cika tun safe, kowa yana ihun a sallame shi, ni kaɗai ina haɗa ruwan gishiri da sukari ina kora masu tsanani asibiti. A cikin wannan cunkoson Isuhu na Karakkai ya kutso. Matashi ne a lokacin, bai cika shekara da aure ba. Ya ce a ba shi ja-da-yalo, ciki ke murɗa wa na gida. A gefensa, kafaɗa da kafaɗa, Malam Bawa ne tsaye yana jiran nasa maganin, wato uban matar tasa, Hadiza.

Na san su duka biyun. Na san dokar Malam Na'Allah. Amma mutum goma na bayansu, sai na tura farantin don in sauke nauyi. Hannun Isuhu ya tafi wajen mai biyu, ya tsaya a sama kamar kazar da ta ga shaho, sannan ya kauce ya ɗauki mai ɗa ɗaya. Na ga tsayawar hannun nan da idona. Na miƙa hannu sama da jan layi, na ƙirga masa kafso, wanda a ƙa'ida ma sai da takardar likita ya kamata ya fita, na ce na gaba. Cikin Hadiza wata biyar ne a ranar. Murɗar ta lafa, sai gidan suka yarda da maganin, duk lokacin da ta ji motsi Isuhu ya saya mata wurin masu yawo da kwali a ka, har ta haihu.

Bayan kusan shekara biyu kakar yarinyar, Inna Kulu, ta kawo ta shago a goye. Sunanta Luba. Lafiyarta lau, ƙafafu kamar taɓarya. Inna Kulu ta ɗaga mata leɓe ta ce in ba su abin gogewa. Haƙoran gaba duk sun fito, amma launinsu kamar na tsohon da ya shekara hamsin yana cin goro, wani wurin rawaya, wani wurin toka-toka. Ta ce sun goga gawayi, sun goga gishiri, wasu sun ce ruwan rijiya ne, wasu sun ce baki ne. Ni kuwa ina ƙirga watanni da baya a kan yatsuna a ƙarƙashin kanta. Lissafin da ya kore ni daga makaranta, ranar bai yi mini gardama ba.

Washegari na hau mota zuwa Gusau wurin wata Sista Rabi da ke aikin awo, wadda nake tura wa mata. Na faɗa mata komai. Ta wanke ni tas a gaban masu jiran layi, ta ce irinmu ne ke ba su aiki. Da ta gama ta ce in zauna. Ta ce maganin yana bin jinin uwa ya shiga haƙorin da ake ginawa a ciki, kuma ba abin gogewar da zai fitar da shi. Amma waɗannan na yarinta ne, za su zube. Na dindindin yanzu ake gina su a cikin dasashi, kuma akwai kyakkyawan zaton su fito fari, da sharaɗi ɗaya: kada ja-da-yalo ya sake shiga bakin yarinyar nan har ta wuce shekara takwas. In aka ba ta, to na biyun ma sun tafi, kuma babu na uku.

Ku da ba ku zauna ƙauye ba ba ku san girman sharaɗin nan ba. A lokacin, yaro ya yi gudawa sau biyu, an ɓare kafso an juye garin a kunu. Haka kowace kaka ta iya.

Na ɗauki kekena na tafi Karakkai. Na sami Isuhu da Malam Bawa a gindin wata bedi suna gyaran garma. Na ce musu ni na ɓata haƙoran Luba, na kuma faɗi yadda aka yi. Isuhu ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, gaban baba kaka son in ɗauki mai biyu? Da wane ido?"

Malam Bawa ya ajiye garmar. Sannan ya ce, "Ni ma na ga hannunai ya tsaya. Na so in fita in ba ku wuri, sai nig ga in na fita kamar na gane ke nan." Ya yi tsaki. "Mu ukku munka taru munka yi ma ɗiya wanga aiki, kowa na jin kunyar wani."

A nan muka ƙulla: duk ciwon da ya sami Luba, ko cikin ruwan sama ne, a zo wurina ko a wuce asibiti, ba a sayen komai a kan kwali. Mazan sun riƙe alkawari. Inna Kulu ce yaƙin. Wata ranar kasuwa, Luba tana da shekara huɗu tana fama da gudawa, tsohuwar ta zo sayen man zafi, na hango ƙulli a gefen zanenta.

Na ce, "Inna, mi ag ga ƙullin nan?"

"Goro na."

"Goro mai ja da yalo? Sabon iri na daga Kurmi?"

Ta ce ita ta raini 'ya'ya tara da shi ba wanda ya mutu da baƙin haƙori, kuma ni da ko gemun kirki ban da shi ba zan koya mata reno ba. Na ce gaskiya ne, amma in ta ba Luba, duk ranar da yarinyar ta yi dariya a gidan miji za a ce aikin kakarta ne, ni kuwa zan tabbatar an san sunan kakar har Gusau. Ta kira ni ɗan banza mai rabin boko. Ta kwance ƙullin ta jefa mini a kanta, kafso huɗu. Na ba ta garin gishiri da sukari da ƙwayar zinki, na zana mata gizo-gizona a ambulan. Bayan kwana uku Isuhu ya zo ya ce gudawa ta tsaya, Inna kuma ta ce a gaya mini addu'arta ce.

Haka muka yi ta yi. Yaran unguwa suna kiran Luba Ta-goro, har ta koyi magana da hannu a baki. In an kawo ta shago nakan ce ta buɗe in gani, ta ƙi. Tana cikin shekara ta bakwai ta fara famfara. Isuhu ya kawo ta da giɓi biyu a gaba, ta damƙe baki gam, wai an ce in ƙadangare ya ga giɓin haƙori ba zai fito ba. Na ce ta duba da kyau, ni na yi kama da ƙadangare? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kaɗan." Dariyar da ubanta ya yi ce ta sa ita ma ta saki baki. A cikin dasashin sama ga ɗan bakin sabon haƙori ya ɓullo, siriri kamar ƙwayar shinkafa, fari fat. Na ce wa Isuhu saura shekara guda da 'yan kai, kada a saki jiki. Na juya na shiga gyaran kwalayen da ba su buƙatar gyara.

Malam Na'Allah bai ji ƙarshen labarin ba, ya rasu kafin nan. Na taɓa ba shi farkonsa, ya ce ranƙwashin da ya yi mini a kan gyaɗa ashe bai shiga ba.

Daga baya hanyoyi suka lalace da abin da kuka sani. Mutanen ƙauye suka rage shigowa kasuwa, wasu suka watse, bencin ƙofata ya koma wurin kwanan awaki. Na kwashe kwalayena na dawo Gusau. Nan Damba ciniki ba laifi, amma ban san kowa ba, ba wanda ya san ni. Mutum zai shigo ba sallama, ya nuna maka hoton kwali a waya, ya ce wannan. Farantin yana nan a kan kanta, kullum da safe ina zaɓen gyaɗa iri biyu ina zubawa. In na tura wa mutum na ce bisimilla, sai ya dumbuza ya ce na gode, Baba, ya fita yana ɓarewa. Dole na koyi tambaya da baki, ina tsufa ina jin nauyi: "Tana da ciki ne?" Su ko a jikinsu. Ni ne nake sunkuyar da kai. Wani lokaci in rana ta yi sanyi nakan ji kamar Alhaji Mamman zai shigo ya buga wani abu a kan kanta, sai in ga mai cajin waya ne yake neman canji.

Watan da ya wuce, da hantsi, mutum uku suka yi sallama irin ta da, mai tambayar iyali da gajiya. Isuhu ne, gemu ya yi fari. Da wani matashi mai tsabta da ya gabatar a matsayin mijin ɗiyarsa, malamin firamare a Furfuri. A bayansu wata mace cikin shuɗin hijabi. Matashin ya matso, ya dubi ƙasa, ya ce ciwon kai ne ke damun na gida kwana biyu. Surukinsa yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi.

Na janye farantin zuwa gefena. Ina shirin in ce wa Isuhu ya zo waje in nuna masa wani abu da ban riga na ƙirƙiro ba, sai macen ta zagayo ta miƙa hannu ta jawo farantin gabanta. Ta tona da yatsa ba gaggawa, ta zaɓi mai 'ya'ya biyu, ta ɗaga ta daidai idona don kada in ce ban gani ba. Sannan ta sa a baki ta fasa ɓawon da haƙoran gaba, farare tas, jere kamar an auna.

"Baba Likita," in ji Luba, "ga katin awona. Ka duba abin da sunka ba ni kahin ka miƙa hannu sama."

Na duba katin. Na ɗauko abin awon jini na gwada ta, domin ciwon kan mai ciki ba a raina shi, na ga lafiya lau. Na ƙirga farasitamol daga ƙasan layi, na ce in bai sauka zuwa gobe ba, ko ta ga ƙafa ta kumbura ko ido yana yi mata dishi-dishi, ta wuce asibiti kada ta biyo ta nan. Ta ce in zana mata a ambulan. Na ce ai ta iya karatu. Ta ce ita dai gizon take so.

Duk wannan abin Isuhu ya juya mana baya, ya ƙura wa kalandar bango ido kamar zai haddace ta. Can sai ya yi gyaran murya.

"Likita, wagga kalanda ta bara ta hwa."

Na ce, "Na sani. Ci gaba da karatu, ba mu gama ba."